Sati Shida a Kan Benci

Ƙarfe shida da kwata a Mesa,
rana ba ta gama leƙowa ta bayan dutse ba,
filin fikilbol har ya fara magana:
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
ƙwallon roba mai huje-huje
tana kai gaisuwa tsallaken raga.

Ni Lavonne, ina benci,
hannun dama cikin filasta.
Jikoki sun cika ta da zane,
har da wata mage mai ƙafa biyar.

Shekara talatin ina tuƙa motar 'yan makaranta,
ban taɓa ja da baya ban duba madubi ba.
Sai ga ni ran Talata,
Merle ya ɗaga ƙwallo ta haye kaina,
na bi ta da baya da baya, ido a sama,
kamar mai ƙirga tsuntsaye.
Diddige ya harɗe diddige.
Ƙasa ba ta yi sallama ba.
Na miƙa hannu in tare ta,
wuyan hannu ya ce ƙaras.

Likita ta ɗaga hoton ƙashi, ta ce:
"Wadda ta wuce ki, juya ki bi ta a kaikaice,
ko ki ce wa abokin wasa, taka ce.
In ta tafi, ta tafi. Maki ɗaya ne."
Maki ɗaya.
Na biya sati shida, kuma ban ci shi ba.

Merle ya ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.
Na ce wani tsautsayin
mu ke aika masa katin gayyata.

Daga benci ido ya fi buɗewa.
Ga Orval, baƙon Minnesota,
ya gudo wa ƙanƙara,
daga mota sai fili, ko miƙa bai yi ba,
da takalmin gudu mai tudun dunduniya
wanda bai san hanyar gefe ba.
Na ce, kai baƙo, dakata!
Tsohuwar igiya ba a fizgar ta da sanyin safiya.
Zaga filin, lanƙwasa gwiwa, juya ƙugu,
minti goma, har goshi ya yi danshi.
Ka nemo kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa.
In ba ka yarda ba, tambayi Harlan:
ya ji kamar an jefe shi a ƙafa,
ya waiwaya neman mai jifa,
babu kowa.
Agara ce ta tsinke.
Tun Janairu yake jan takalmin asibiti.

Ruthanne kuwa tana damƙe allon bugu
kamar wuyan wanda ya ci mata bashi,
ga gwiwar hannu tana kuka da dare.
Sassauta, 'yar'uwa.
Ɗan tsako ne, ba ɓarawo ba.
Ki kuma bar wa Lahadi hutunta,
jiki magayi.

Dwight ya yi wa tabarauna dariya,
wai na yi kama da mai walda.
Ƙwallo ta goga gefen allonsa, ta nemi idonsa.
Kwana tara yana kallon duniya da guda.
Jiya ya zo da nasa, shuɗi.
Ban ce komai ba. Na ɗan yi tari.

In ƙwallon maƙwabta ta gangaro,
a ɗaga murya, kowa ya tsaya cak,
idon sawu ba ya raha da abin da ke mirginawa.
A sha ruwa tun ƙishi bai yi magana ba,
iskar nan ɓarauniyar gumi ce.

Alhamis za a yanke filasta.
Merle ya kawo kek ɗin ban-haƙuri karo na uku.
Da dare, in gida ya yi tsit,
nakan tsaya tsakanin firji da tebur
in koyi juyawa:
kafaɗa tukuna, sannan ƙafa,
gefe, gefe, gefe.
Kare yana kallona daga bakin ƙofa,
bai san dalili ba,
amma yakan matsa.